Ruwa a tankin fetur na jirgi: ta ina ake fitar da shi?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin masana. Jirgin da na saya na hannu ne, tankinsa na alminiyam, lita 120, a gine yake ƙarƙashin daɓen jirgin, inji kuma irin mai rataye a baya ne. Ya daɗe a ajiye da ragowar fetur kusan rabin tanki. Idan an tayar yana kamawa, amma da an ba shi wuta sai ya yi tari ya mutu. Wanda ya duba mini ya ce ruwa ne a tanki. Na leƙa ko'ina ban ga notin zubarwa a gindinsa ba. To ta ina ake fitar da shi? Ina da injin zuƙar ƙura mai shan ruwa, in sa shi?

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam. Yaro, wannan injin zuƙar ƙurar ka bar shi inda yake, kar ma ka kusanto da shi. Motar da ke cikinsa tartsatsi take yi duk lokacin da take juyawa, kai kuma za ka ja tururin fetur ka kai mata har baki. Haka ƙaramin famfon nan da ake maƙala wa injin huda. Shi ma famfon kwashe ruwan ƙasan jirgi ba don mai aka yi shi ba. Abu biyu kawai na yarda da su: famfon hannu, ko famfon lantarki da aka rubuta a jikinsa cewa na fetur ne. Na dizal ma bai isa ba.

Sannan kar ka ɗauki maganar mai dubawa ka hau aiki kai tsaye. Ka cire tiyon mai daga jikin inji, ka matsa robar nan mai kama da ƙwai, ka tsiyayi mai a kwalba fara mai tsabta, ka ajiye ta 'yan mintoci. In da ruwa za ka ga layi a fili, ruwa a ƙasa fetur a sama. In kuma man ya yi hazo-hazo bai washe ba, wannan wata magana ce daban. Ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.

Ɗan Fito:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma kuna tsorata yaron nan. Mu tun muna samari tiyo muke zurawa, mu zuƙa da baki sau ɗaya, mai ya biyo, mu tofar da wanda ya shigo, shi ke nan. Ga mu nan da ranmu. Tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa.

Malama Nas:
Malam Ɗan Fito, ka yi haƙuri in sa baki, don wannan ɓangaren namu ne. Wanda ka tofar ba shi ne abin tsoro ba. Fetur ba shi da kauri, yana bazuwa da sauri, ɗan kaɗan in ya sarƙe mutum ya bi hanyar numfashi ya isa ya ƙona huhu. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, a take sai tari kawai, mutum ya ci gaba da aikinsa. Bayan wasu awanni sai zazzaɓi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama.

Ga duk mai karantawa: in wani ya haɗiyi fetur ko dizal, kar a sa shi amai, kar a cusa masa yatsa a maƙogwaro, kar a ɗura masa komai da sunan karya guba. Aman ne ke dawo da man ya faɗa huhu. A wanke baki, a cire rigar da ta jiƙe, a fitar da shi inda iska take, a kai shi asibiti musamman in yana tari. Yaro ƙarami kuwa ko bai yi tari ba a kai shi.

Ɗan Fito:
To Malama, na ji. Amma wanda ba shi da famfo fa?

Baba Makanike:
Kana da shi mana, kullum kana matsa shi. Robar nan ta tiyon mai ita ce famfon. Ka duba kibiyar da ke jikinta, ta nuna wajen jarka, ka matsa har mai ya biyo. Muddin jarka tana ƙasa da tanki, sauran aikin zai yi kansa.

Injiniyan Ruwa:
Salam. Malam Sabon Shiga, rashin notin da ka gani ba mantuwa ba ce, da gangan aka yi. A ƙa'idojin ƙera ƙananan jirage na Amurka, duk wata kafa ta tankin fetur da aka gina a jirgi dole ta kasance a samansa, ba a gefe ko gindi ba, kuma masu ƙera jirage da yawa a wasu ƙasashe haka suke bi. Dalilin shi ne bambancin mota da jirgi. Mota in ta yi yoyo, mai ƙasa yake zuba, iska ta kwashe tururin. Jirgi kuwa kwano ne, duk abin da ya zuba a cikinsa yana nan.

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4. Ba ya tashi sama, gangarawa yake yi ya kwanta a kwarmin ƙasan jirgi, inda batir da wayoyi suke. Kuma ba sai ya yi yawa ba: in ya kai wajen kashi 1.4 cikin 100 na iskar wurin zai iya kamawa, har zuwa wajen kashi 7.6. In ya haura haka ya yi kauri, iskar ba ta isa ta ci wuta ba. Shi ya sa tankin da aka zuƙe ya fi cikakke haɗari. A cikakken tanki tururi ya yi yawa, amma da ka fara zuƙa, iska na shiga tana maye gurbin man da ya fita, tana sirka tururin zuwa daidai inda yake fashewa. Fetur kuma yana ba da tururin da zai kama wuta tun daga sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, don haka maganar "bari in yi da sassafe da sanyi" ba ta kare kowa daga wuta, sai dai ta rage wari.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. Baba, na yi gwajin kwalba. Akwai layi, abin da ke ƙasa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na kwalbar, launinsa fari-fari kamar ruwan wanki, na saman kuma ya yi ja-ja yana warin tsohon fenti. Na gwada zuƙa ta tiyon inji, yana zuwa in ina matsawa, da na daina sai ya tsaya.

Baba Makanike:
Madalla, yanzu muka san inda muka dosa. Tsayawar da yake yi ba lalacewa ba ce. A kan tanki, inda tiyo ya fita, akwai ɗan bawul mai ƙwallo da sifirin a ciki, aikinsa ya hana mai malala cikin jirgi in tiyo ya fashe. Kuma ko ka ci ƙarfinsa ba za ka kwashe ruwan duka ta nan ba, don bututun da ke ɗebo mai bai taɓa gindin tanki ba, an bar tazara kamar faɗin yatsa. Abin da kake nema a ƙarƙashin wannan tazarar yake kwance.

Ga yadda nake yi. Jirgi ya fito daga ruwa in da hali, a fili inda iska ke kaɗawa, ba cikin rumfa ko gareji ba. A ɗaga gabansa, a ɗan karkata shi gefe guda, don ruwan ya taru a kusurwa ɗaya ta baya. Kafin ka buɗe komai na mai, ka sunkuya ka shinshina ƙasan jirgi. In babu wari, ka cire batir, wayar baƙa tukuna, ka fitar da shi gaba ɗaya. Wannan tsarin kar ka juya shi. Masu buɗe tanki sannan su tuna da batir, sifana ta taɓa ƙarfe ta yi tartsatsi, su ne ake ba da labarinsu. Duk murfin da ke daɓe a buɗe. Ba sigari, ba janareto a kusa, ba mai walda a maƙwabta. Tukunyar kashe gobara mai hoda ta kasance a gefen da iska ke fitowa, inda hannunka zai kai ba sai ka tsallake jirgin ba. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Kuma kar ka yi kai kaɗai.

A saman tanki za ka ga wani faifai mai kusoshi 5 da wayoyi biyu, shi ne na gejin mai, ta raminsa za ka zura tiyo. Ka share kewayensa tas don kar ƙasa ta faɗa ciki. Ka yi masa alama da fensir kafin ka kwance, don ramukan kusoshin ba a tazara ɗaya suke ba, ta fuska ɗaya kawai yake zama. Sukurdireban hannu, ba na batir ba. Ka zaro shi a hankali, akwai ɗan hannu mai abin yawo a kan mai, yana saurin lanƙwasa.

Tiyo shi kaɗai in ka zura naɗewa yake yi ya ɗaga baki sama. Ka ɗaure shi a jikin siririyar sanda mai tsabta, ka lalubo kusurwar da ta fi zurfi. Za ka ji ka ci karo da bango a ciki, faranti ne da aka sa don hana mai tambal-tambal, yana da kafa ta ƙasa. Wanda ya fara fitowa ka tara a kwalba kana kallo, ruwa da laka ne za su fara zuwa. Jarkoki a ƙasa, ba a cikin jirgi ba, kuma kar a cika su fal, a bar wurin numfashi.

Injiniyan Ruwa:
Ƙari kaɗan a kan maganar Baba. Fetur in yana gudu a tiyo yana tara lantarki ta hanyar gogayya, musamman in yana faɗowa daga sama yana fantsama. Bakin tiyo ya kai gindin jarka, mai ya riƙa hawa daga ƙasa shiru. In duro na ƙarfe ne, a haɗa shi da tanki da waya kafin a fara. Jarka ta zama wadda aka yi don mai. Kayan jiki na auduga sun fi na leda. Fitila kuma in dole ne, a kunna ta nesa kafin a matso, don a makunni tartsatsin yake.

Ɗan Fito:
To ni tambayata, na saman nan ai fetur ne. Lita wajen 50 a zubar? A tace da tsumma a mayar mana.

Injiniyan Ruwa:
Ya danganta. In tsantsar fetur ne kuma bai tsufa ba, ruwa da shi ba sa haɗuwa. Lita ɗaya ta fetur nauyinta wajen giram 750 ne, ta ruwa giram 1000, don haka ruwan na kwance a ƙasa, ka janye shi, na sama lafiya lau. Amma a ƙasashe da yawa yanzu ana sirka fetur da etanol, wato wani nau'in sifirit, har kashi 10 cikin 100. Etanol yana shan ruwa. Yana riƙe shi a ɓoye har ruwan ya kai wajen rabin kashi ɗaya cikin 100, wato kamar rabin lita a lita 100. Da ya wuce haka sai etanol ya bar fetur ya bi ruwa su kwanta tare a ƙasa. Fari-farin da Malam ya gani ya yi kama da wannan. Na saman da ya rage ya rasa wani ɓangare na oktan ɗinsa, wato ƙarfinsa na jure matsi a cikin inji, inji zai riƙa ƙwanƙwasa in an ɗora masa nauyi, kuma babu maganin kwalba da ke mayar da su su haɗe yadda suke.

Mai son sanin ko man da yake saye na da etanol: ya zuba ruwa mililita 10 a siririyar kwalba, ya ja layi, ya ƙara fetur mililita 90, ya girgiza ya ajiye. In ruwan ya haura layin, akwai.

Baba Makanike:
Ko ba etanol, mai da ya yi ja yana warin fenti ya riga ya mutu. Mai sauƙin da ke sa inji kamawa ya tsere, saura danƙo, shi ne ke toshe ƙananan ramukan kafireta. Ɗan Fito, tsumma yana tare ƙasa, ba ya tare ruwa, ba ya tare danƙo. Abin da kake gudun asara kafireta za ta ci ninkinsa, in ma ba a tsakiyar ruwa ta tsayar da kai da fasinja ba.

Shugaban Zaure:
Tunatarwa: kar mu ji an zubar a kogi, ko a kwata, ko a haƙa rami a bakin ruwa. A rufe shi a jarka, a rubuta a jiki, a kai wa masu karɓar tsohon mai. Tsummokaran da aka goge mai a shanya su a fili su bushe, kar a cusa su a lokar jirgi. Masu watsa sabulu a kan mai in ya zuba a ruwa don ƙyallin ya ɓace, ku daina, nutsar da shi kawai kuke yi inda kifi yake. A ci gaba.

Hajiya Mai Jirage:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ban ji an taɓo ba: ruwan nan daga ina ya shigo? In ba a gano ba, wata mai zuwa sai a sake wannan wahalar.

Baba Makanike:
Hajiya, gumi ne. Tanki rabi, rana ta yi zafi, dare ya yi sanyi, iska mai laima ta shiga ta kafar numfashi, wato ƙaramin bututun da iska ke shiga da fita tanki, ta yi raɓa a bangon tanki ta gangara. Shi ya sa nake cewa a ajiye tanki cike.

Injiniyan Ruwa:
Baba, a gafarce ni, a nan ba mu haɗu ba. Gumi gaskiya ne, amma an cika ɗora masa laifin da ba nasa ba. Iska mai zafin digiri 30, ko ta ƙoshi da laima, ruwan da ke cikin wuri mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi wajen giram 30 ne kawai, wato a lita 1000 ke nan. Tankin Malam iskar da ke ciki lita 60 ce. Ko an matse ta tas, ruwan bai kai giram 2 ba, ƙasa da rabin ƙaramin cokali. Kuma ba kullum iskar ke sauyawa duka ba. In aka ga ruwa lita-lita, a duba wuri uku: zoben robar murfin zuba mai, wanda in ya tsage ruwan sama da na wanki ke bi kai tsaye; kafar numfashi, in tana fuskantar gaba ko tiyonta ba shi da lanƙwasa sama, igiyar ruwa na tura ruwa ciki; sai kuma man da aka sayo, musamman na gindin duro.

Baba Makanike:
Lissafinka ban ƙi ba, Injiniya. Amma ni hannuna ya sha shiga tankunan da murfinsu lafiya, kuma na tarar da tsatsa a rufin ciki, sama da inda mai ya tsaya. Wannan ba ruwan sama ba ne. Kaɗan-kaɗan ɗin in ya shekara yana cin ƙarfe.

Injiniyan Ruwa:
A tankin ƙarfe na yarda. Ni dai ra'ayina, ajiyar 'yan watanni: a cika zuwa kashi 90 ko 95, a zuba maganin hana mai tsufa tun yana sabo, a tayar da inji na ɗan lokaci don maganin ya kai kafireta. Ajiyar da za ta kai shekara, ko ƙaramin tankin ɗauka: a juye gaba ɗaya. Rabi ne ba shi da mai kare shi.

Hajiya Mai Jirage:
Nawa na dizal ne, kuma matsalarmu daban. Filta na toshewa da wani baƙin abu mai yauƙi, a canja, kwana kaɗan ya dawo.

Injiniyan Ruwa:
Hajiya, wannan abu ne mai rai. Ƙwayoyin halitta ne, bakteriya da fumfuna, suna zaune daidai inda ruwa da dizal suka haɗu, suna sha a ruwa suna ci a mai. In babu ruwa ba sa yaɗuwa. Maganin kashe su yana aiki, amma gawarsu na nan a tanki, sai a ga filta ta ƙara toshewa bayan an zuba. Sai an buɗe murfin dubawa an kwashe lakar da hannu. Sauƙin da kike da shi, dizal sai ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya kama wuta, kuma tankunansa da yawa suna da wurin tsiyaye ruwa a ƙasa. Akwai wani man shafawa da ake sa wa bakin sandar awo, in ya taɓa ruwa ya sauya launi. Yaranki su riƙa gwadawa bayan kowane shan mai.

Sabon Shiga:
An zuƙe tas. Na haska daga nesa na ga farin gari-gari a gindin da wasu ƙananan ramuka. In yana yoyo a kai walda?

Mai Walda:
Maigida, ni sana'ata ce, amma tankin fetur ba kowanne nake karɓa ba. Wanki ɗaya da ruwa ba ya fitar da tururi, yana maƙale a haɗin faranti da cikin danƙo, zafi na taɓa shi ya sake tashi. Wanda ya san aiki sai ya cire tankin daga jirgi, ya wanke da ruwan zafi da sabulu a kai a kai, ya cika shi da iskar da ba ta cin wuta kamar argon, ya auna da na'ura kafin ya kunna. Sannan alminiyam in ya fara huda ɗaya, 'yan'uwanta na hanya. Yawanci ma daga waje yake ruɓewa, ta ƙasa, inda ruwa ya kwanta tsakaninsa da katako ko soson da aka cusa masa. Ka liƙe nan ya ɓullo can. Gaskiya in ya kai haka sabo ya fi. Na roba kuwa in ya tsage ba gam ɗin da ke riƙe shi.

Injiniyan Ruwa:
Kafin a yanke hukunci a gwada shi. A toshe duk kafofi, a hura iska da famfon hannu zuwa psi 3 kawai (psi awon matsin iska ne, irin na gejin taya), a sa geji a gani ko zai sauka, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai. Kar a jona masa kwamfuresa, zai kumbura ya yage.

Baba Makanike:
In ya riƙe iska, to sai haɗawa. Sabon gaskit a faifan geji, tsohon ba ya komawa. Ka lanƙwasa tiyo ka gani, in ya yi tsaga-tsaga ko ya yi laushi yana manne hannu a canja, da na mai na jirgi, ba tiyon ruwa ba. Ka sa filta mai raba ruwa, mai maikiron 10 (awon ƙanƙantar ramukan filta ke nan), tsakanin tanki da inji, ka ajiye guda a jirgi. A gindin kafireta akwai ƙaramar kusa, ka sassauta ta ka tari abin da ke ciki a gwangwani, don ruwan da ya riga ya isa can ba zai koma da kansa ba. In injinka mai haɗa baƙin mai ne a tanki, ka bi awon kamfani, yawancinsu 50 da 1 ne, wato rabin lita a lita 25. Ka fara zuba mai kaɗan, ka jira, ka shinshina, sannan batir ya koma, wayar baƙa a ƙarshe. Masu inji a cikin ciki su kunna fankar fitar da tururi minti 4 kafin su murza makulli.

Ɗan Fito:
Mu masu ƙaramin tankin ɗauka ba mu da wannan dogon aiki. Amma nawa in ya sha rana kumbura yake yi kamar zai fashe.

Baba Makanike:
Ɗan notin da ke kan murfi ne ka ɗaure. A buɗe shi in inji na aiki, a rufe in za a ɗauka, a ajiye a inuwa. In ya kumbura ka cire tiyo daga inji kafin ka sassauta, a hankali, fuska a gefe. Kuma a sauke shi ƙasa a cika, ba a cikin kwale-kwale ba.

Ɗan Fito:
Saukewar nan da lodi a kai akwai wuya, Baba.

Baba Makanike:
To ka sha mai kafin ka yi lodi.